Minti Huɗun Neville Kerslake

Ranar Talata, sha ɗaya ga Maris, 2025, da hantsi, matarka Glenys ta kira ni daga garin Geelong ta ce rai ya yi halinsa. Neville, na ajiye wayar na zauna, ko kuka na kasa.

Shekara bakwai muka yi a garejinka muna haɗa wasannin kwamfuta, ni da zane, kai da manhaja. A wancan zamanin faifai kan ci minti huɗu kafin wasa ya hau allo. A cikin wannan jiran Glenys ke kawo shayi, ku ɗan taɓa hira. Kai kuwa Allah bai yi ka da haƙuri ba. "Minti huɗu? Ai sai gemu ya tsiro!" Ka rubuta taka hanyar lodi, ka cusa ta cikin na'urar karanta faifan, jira ya koma daƙiƙa ashirin. Glenys ta ce, "Sannu gwani, ka cinye min lokacin shayi." Dariya ka yi.

Duk wanda ya roƙi dabarar ka ba shi kyauta. Alamarka ɗaya ce, na'urar ta buga sau uku, yadda kake ƙwanƙwasa ƙofa. Amma faifan da ka ɗaure da hannunka ba mai iya kwafarsa, kuma na sha yi maka faɗa kan wannan taurin kai.

Bayan jana'iza Glenys ta tsinci wani tsohon faifai a aljihun teburinka, da sunanta a jiki, gefensa duk fumfuna. Na gaya mata gaskiya: ba ya kwafuwa, kuma wataƙila sau ɗaya zai karantu.

"Rhonda, saka shi kawai," in ji ta.

Rana tsaka ce. Daƙiƙa ashirin ta wuce, allo baƙi. Minti biyu, uku, faifan na ta gurnani. Na ce a raina mun kashe shi. Glenys ta tashi ta ɗora ruwan zafi, don ta kasa kallo. Minti huɗu cif, rubutu ya fito: "Glenys, ga lokacin shayinki. Yau ba na sauri."

Ta karanta har ta ƙoshi, sannan na kashe kwamfutar. Muna zaune sai na'urar karanta faifan ta buga sau uku. Na san tana da wutarta da ƙwaƙwalwarta daban, kai ka koya min. Duk da haka tsigar jikina ta tashi.

Glenys ko waiwaye ba ta yi ba. "Shigo mana, a buɗe take." Ta ɗauko kofi na uku.

Faifan bai sake karantuwa ba.

Allah Ya jiƙanka, Neville, Ya yafe kurakuranka, Ya sa ka huta. Glenys da 'yarku Narelle, Allah Ya ba ku haƙurin jira, wanda shi bai samu ba sai a ƙarshe.