Waƙar da Kawu Ya Ce Iska Ce

Jiya a kasuwar Goronyo na ji ana rera waƙar noman da na tsara, sai marigayi kawuna ya faɗo mini a rai, da warin tabarsa.

Zamanin Turawa shi ke tsaya wa mutane gaban alƙali a Wurno. Wani makaɗin garin Rabah ya ɗauke waƙar, ya cire sunana daga amshi. Na kai ƙara, sai ga kawu zaune a tabarmar makaɗin.

Ya tofar da jan yawun goro, ya ce, "Allah gafarta Malam, waƙa iska ta. Wa ka ɗaure iska?"

Aka kori ƙarata. Na ce, "Kawu, mi niy yi maka?" Bai ko dube ni ba.

Allah ya jiƙansa, amma ya haɗa mu gaban Alƙalin da daɗin baki ba ya ruɗawa.