Ranar da Elimas Ya Rataya Jakar Matarsa

Duk ƙauyen Pundalek babu wanda ya kai Elimas sanin jirgin sama, kuma bai taɓa sa ƙafa a cikinsa ba. Tun yana saurayi aka ɗora masa kula da filin da jirgin ke sauka, in ma fili za a kira shi. Wani zirin ƙasa ne da tsofaffi suka fafe a jikin tsauni da sandunan tono, kansa ya tokare da dutse, gindinsa ya ƙare a bakin wani kwazazzabo da in ka jefa tsakuwa sai ka gaji da saurare.

Shi ke sassabe ciyawar da adda, shi ke cike ramuka, shi ke riƙe sikeli yana auna duk abin da zai tashi. Ya auna amare, ya auna gawa, ya auna wani fasto da sai da aka sauke buhunan kabeji kafin ya samu shiga. In ba kowa, yakan hau sikelin da kansa, don dai ya san nauyinsa ko da ranarsa za ta zo. In aka tsokane shi sai ya ce, "To in na shiga, wa zai ɗaga masa hannu? Ku da ba ku san gabansa da bayansa ba?"

Dukiyarsa ba ta da wuyar faɗi: adda, baka da kibau, gonar dankali a jikin tudu, sai aladu. Aladun kuwa suna ne nasa, wahala ta matarsa Yosina. Namiji ya kwana a ɗakin maza yana cika baki da yawan aladunsa, mace ta kwana da su ɗaki ɗaya tana shaƙar numfashinsu. Elimas bai san wanne ke cin me ba. Abin da ya iya kawai shi ne kwaikwayon yadda Yosina ke kiran su, wani siririn kuka ta hanci haɗe da kaɗa harshe, ya murguɗa ƙugu yana yi, maza suna faɗuwa don dariya.

Sai annoba ta shigo kwarin ta share aladu gida gida. Mutane suka yi ta haƙa rami suna binnewa suna kuka kamar 'ya'yansu ne. Guda ɗaya ta tsira, Nona, wadda uwarta ta mutu tana jaririya, Yosina ta raine ta a cikin noken, jakar saƙar nan da mata ke ratayawa a goshi, tana tauna mata dankali tana ɗura mata. Kuma sai ga shi Nona na da ciki. Tun 'ya'yan ba su fito ba aka gama rabon su da baki. Wannan zai yi wa ɗansa aure, wancan zai kashe rigimar gona. Obet, yayan Yosina, har ya zaɓi mai baƙin kunne.

Ana cikin haka Yosina ta zame a gona ta gangaro, ƙashin ƙafarta ya fasa fata ya leƙo. Aka ɗaure da ganye. Ƙafar ta kumbura, ta yi baƙi, ta fara wari, har Nona kan shinshina ta ja da baya. Zuwa Wamena, garin da asibiti yake, da ƙafa tafiyar kwanaki ce, ga gadojin igiya da mai lafiya ma sai ya rufe ido, balle a ce da mutum a kafaɗa. Malamin coci ya yi ta kira da oba-oba har matuƙin ya amsa. Zai zo da safe, kafin gajimare ya taso ya rufe kwarin. In bai sauka ba shi ke nan, jirgin zai tafi gyara sai wani watan. Akwai wurin majinyaciya da mai rakiya ɗaya.

Elimas ya ji kunyar kansa, don a ƙarƙashin tsoron da ya cika masa ciki akwai wani ɗan abu mai kama da murna. Ya wanke rigarsa.

Da gari ya waye aka ɗora Yosina a kan wasu itatuwa da aka ɗaɗɗaure, aka gangaro da ita.

"Obet, makara ce wannan?" in ji ta. "Ku bari in mutu mana tukuna."

"Yi shiru, nauyinki ya ishe ni ba sai da bakinki ba."

Ba su kai ƙarshen filin ba suka ji ƙarar karyewar shinge. Nona ce, ta tsinke igiya ta biyo uwar ɗakinta, ciki na lilo. Ta ratsa mutane ta shiga tsakiyar fili, ta kafa hanci ta fara tono. Daidai nan kuma kukan jirgi ya ɓullo ta tsakanin duwatsu.

Dokar kowa ya san ta, don Elimas ne ya yi shekara da shekaru yana dukan yara a kanta: matuƙi ya hango alade a sake, ba ya sauka. Jirgin ya yi ƙasa ƙasa, ya leƙa, ya ɗaga ya tafi kewaye.

Maza suka yi caa a kanta, amma kowa hannu yake buɗewa kamar mai korar kaza. Wa zai daki cikin da auren ɗansa ke ciki? Wani ya kama ƙafar baya, ta yi ƙara, mutane suka yi masa ihu ya saki kada ta zubar. Aka matsar da Yosina gefe, Nona ta bi ta, jirgin ya dawo da rugugi, ta firgita ta sake fantsama cikin fili. Can ƙasa kuwa gajimaren ya fara hawowa daga kwazazzabon, fari fat, ba ya sauri, ba ya kuma tsayawa.

Elimas ya fizge baka daga hannun wani ya ɗana kibiya. Obet ya sha gabansa.

"Suruki, ka haukace? Kwarin nan kaf za ka harba!"

"Ƙanwarka ce a kwance can, ko ba ka jin warin?"

"Na ji! Kana tsammani ban ji ba?" Obet na kuka, amma bai matsa ba.

"Uban Timo." Muryar Yosina ce tana kiran mijinta, da ƙyar take fita. "In ka harbe ta, sai dai jirgin ya koma da kabeji. Zo nan."

Ya durƙusa a gefenta. Ta zare noken ɗin daga kanta, tsohuwar jakar da ta sha hayaƙi da gumi, wadda Nona ta girma a ciki, ta miƙa masa.

"Rataya. Ka kira ta."

"Ni ina na iya?"

"Ka iya mana. An ce har ƙugu kake murguɗawa."

Wani ya yi dariya ya haɗiye ta.

"Ka haura da ita bayan tudun can, inda ba za ta ji ƙara ba. In ka tsaya kusa za ta dawo."

Elimas ya dubi tudun, ya dubi jirgin, ya dubi rigarsa wankakkiya. Wanda ya haura can ba zai sauko ya tarar da komai ba. Yana so ya ce mata wani abu, amma gajimaren ya riga ya taɓa gindin fili. Ya rataya jakar a goshi a gaban maza da mata da yara, ya cika ta da dankali, ya toshe hanci ya yi kiran. Na farko ya fito kamar na ɗakin maza, Nona ko kallo. Ya sake yi a hankali, yadda yake jin sa da asuba daga ɗakin mata. Ta ɗaga kai. Ta zo ta shinshina jakar, ta bi shi.

Bai waiwaya ba, don in ya tsaya ita ma tsayawa take. Yana cikin dajin bayan tudu ya ji tayoyi sun daki ciyawarsa. Ya ji an kashe injin, ya ji an tayar. Da kunne ya san jirgin ya yi nauyi, don Obet ne ya shiga a madadinsa ba tare da an auna shi ba, ga shi ƙato. Ƙarar ta gangara, ta gangara, ta faɗa kwazazzabon ta ɓace. Elimas ya daina numfashi. Can sai ta taso ta wancan ɓangaren. Ya zauna a ƙasa daɓas, Nona na cin dankali daga bayansa.

Tun ranar Nona ba ta karɓar abinci sai a hannun mai jakar, saboda haka Elimas ya kwashe tabarmarsa daga ɗakin maza. A gabansa ta haihu. Masu rabon baki sun yi ta zarya, ya ce ko jela ba mai ɗauka sai wadda ta yi rainon ta dawo ta raba da hannunta.

Labari ya zo ta oba-oba bayan wasu makonni. Tana da rai, amma an yanke ƙafar daga gwiwa. Kowa ya shiga tunanin mace mai ƙafa ɗaya a garin da ko tukunya ka ajiye sai ka tokare ta da dutse.

"To ai ta rage nauyi," in ji Elimas. "Ba za ta sha wuyar samun wuri a jirgi ba."

Ba wanda ya yi dariya. Ya gyara zaman jakar a goshinsa, ya ɗauki sandar tono, ya tafi bakin fili ya fara sassaƙa matakala a jikin tudun da ya haura zuwa ƙofar ɗakinta. Ƙasar laka ce, ruwa na wanke rabin abin da ya yi kafin safiya, sai ya sake.