Sun Rufe Ido, Sun Bar Bille

Ina malamin asibiti a Gwarzo lokacin da gyaɗa ke tashe, kuma a lokacin ne ƙwayar nan da ake kira a-ji-garau ta shigo ƙauyukanmu. Mutum ya haɗiyi biyu da kunu, sai ya yini yana aiki bai san rana ta take ba. Yayana da ke Durun yana cikin waɗanda ta kama. Da cirar gyaɗa ya fara, wai don ya gama kafin ƙasa ta bushe ta riƙe 'ya'yan. Kaka ta wuce, ƙwaya ta zauna. Ya rame, barci ya ƙaurace masa, hannunsa na rawa in ya ɗauki buta.

Ni kaɗai ya faɗa wa. Mutum ne mai kima, shi ke jan salla in liman ya yi tafiya. Ya ce, "Auta, ka nema min magani. Amma in maganar za ta fita, gara ka bar ni da ciwona." Na ɗaukar masa alkawari.

Akwai wata ƙungiyar likitoci a birni masu duba irin wannan larura. Sai da na rubuta musu sau uku suka amsa, wai in kawo shi ranar taronsu. Muka ce wa mutanen gida ciwon ciki za a duba, muka tafi.

Ba zan ci haƙƙinsu ba, sun ba shi magani mai kyau. Amma kafin nan sun tsayar da shi gaban taro, suka sa ya miƙa hannuwa kowa ya ga rawar, wani ya ɗauki hotonsa. Da na yi magana, babbansu ya dafa kafaɗata ya ce, "Kwantar da hankalinka, Malam. Ƙa'idarmu ce mu ja baƙin layi a kan idon majiyyaci. Ko mahaifiyarsa ba za ta gane shi ba." Ni kuma, da yake manya sun dafa ni, sai na koma wurina na zauna. Zaman nan har yau yana cina.

Wata huɗu yayana bai taɓa ƙwaya ba. Duk bayan mako biyu yakan zo a keke da sunan zumunci, in ba shi maganinsa a ɗaka. Har kumatu ya fara yi.

Sai ga takardar faɗakarwa ta ƙungiyar, an raba wa kowane ƙaramin asibiti a manna a bango. Na warware tawa, sai ga hoton yayana. Ga baƙin layin nan a kan ido, ba su yi ƙarya ba. Ga kuma billen gidanmu ɓaro-ɓaro a kuncin hagu, ga hular da matarsa ta ɗinka masa. Don Allah wa ke gane babba da ido a ƙasarmu, inda ƙarami ba ya ɗaga kai ya dubi na gaba da shi? Duk iliminsu, babu wanda ya tambayi ko mai shararsu.

Na cusa tawa a murhu, na hau keke sai asibitin Kabo, garin da mutanen Durun ke cin kasuwa. Na makara. Ranar kasuwa ce, malamin can ya riga ya manna, mutane sun yi cincirindo, wani yana karanta wa sauran abin da aka rubuta a ƙasan hoton.

Na rubuta wa ƙungiyar wasiƙa mai zafi. Wannan karon ba su ɓata lokaci ba: sun bincika, an bi ƙa'ida.

Yayana bai sake zuwa karɓar magani ba. Da liman ya yi tafiya, wani aka tura gaba. Kafin damina ya koma wa ƙwayar, a fili ma, tunda babu sauran abin ɓoyewa. Na je Durun na durƙusa a zaurensa, ina fata ya zage ni ko ya kai min mari. Ya dube ni ya ce, "Sannu da zuwa, Malam."

Har ya koma ga Mahaliccinsa bai ƙara ce min Auta ba.