Wayar Inna da Lallen Biki

Ranar da na raka Inna sayen babbar wayarta ta farko, mun zauna a wani shago a Gyaɗi-Gyaɗi tun hantsi har aka kira azahar. Mai shago yana ta zuba bayani kan kyamara da batir, ita kuwa ko a jikinta. Abu ɗaya ya kawo ta: wayar da jikokinta ba za su iya buɗewa ba, don su suka kashe mata ƙaramar da wasa.

Da ya nuna mata wadda sai da yatsan mai ita take buɗewa, Inna ta washe baki. "Yauwa, wannan ta san mutunci. Ita nake so."

Ta yi ta cika baki a gida, har bikin 'yar ƙanwarta ya zo a Tarauni. Aka yi mata ƙunshi, lalle ya kama jawur har kan yatsu. Washegari ta dangwala yatsa, waya ta ƙi buɗewa. Ta goge a zani, ta sake dangwalawa, shiru: lalle ya rufe zanen yatsan.

Ta miƙo mini ita a fusace. "Mayar masa da abarsa! Shekara da shekaru ina ƙunshi, babanku bai taɓa kasa gane ni ba."