Sabon Yaɓe a Kan Tsohuwar Ƙanƙara

Cikin abubuwan da Allah ya nuna mini a tsawon rayuwata, akwai wata safiya da ba za ta gushe daga zuciyata ba.

Ina zaune a zauren gidanmu na Mandawari sai ɗana likita, wanda yake aiki a Turai, ya kira ni ta wayar nan da ake ganin juna. Shi da abokan aikinsa sun je hutu kan duwatsu a tsakiyar sanyi, suna shirin ratsa wani gangare da dusar ƙanƙara ta lulluɓe.

"Baba, dubi yadda gari ya washe," in ji shi. "Jagoranmu ne kawai yake ta jan ƙafa. Ya haƙa rami ya leƙa, wai mu koma. Ƙanƙarar kuwa tauri gare ta kamar siminti. Mu dai za mu wuce."

Na ce ya nuna mini ramin. Ni mutum ne da aka hora tun a makaranta kada in yaba aiki sai na duba abin da ke ƙarƙashinsa. Da ya kusanto da wayar, na ga ƙanƙarar sama, wadda ta zuba kwanan nan, ta dunƙule ta yi kauri. A ƙarƙashinta kuwa akwai wata tsohuwa, siririya, wadda jagoran yana taɓa ta sai ta zube kamar sukari.

Nan take na tuna katangar gidanmu. Ka'idar yaɓe a cikin birni ita ce a kankare tsohuwar ƙasar da ta ruɓe, a jiƙa bango, sannan a ɗora sabuwa. Wata shekara, muna yara, aka yi gaggawa aka ɗora a kan busasshiya. Ya yi sumul, kowa ya yaba. Ruwan farko, yaɓen ya saɓule gaba ɗaya, ya rufto inda muke wasa da rana.

Mahaifiyar ɗan nawa tana tsaye a bayana. Ta ce, "Malam, kai da ko ruwan firij ba ka sha saboda haƙori, yau kai ne malamin ƙanƙara?"

Na ce, "Hajiya, ban san ƙanƙara ba, amma na san yaɓe." Na juya ga yaron: "Taurin da kake gani ba abin da ya riƙe shi. Nauyinku ne zai zame masa ruwan farko. Ba shawara nake ba ka ba. Ka bi jagora ka sauka."

Ya ce, "To, Baba." Abokan ma suka biyo shi, suna yi masa dariya.

Bayan la'asar ya turo hoto, bai rubuta komai ba. Rana ta daki gangaren, ƙanƙarar ta tsage daga sama, ta zaftare ta binne hanyar da suka so bi. Hajiya ta daɗe tana kallo, sannan ta tashi ta ɗauki butar alwala.

Abin da na riƙe tun ranar shi ne, kyan fuska ba ya ɗaukar nauyi. Kafin mutum ya ɗora ransa a kan abu, ya tona ya ga a kan me abin yake zaune.