Wandon Makarantar Autana

Na goyi 'ya'ya huɗu, amma sai da autana ya shiga aji biyu na firamare na san wari. Kashin jariri daban ne. Wannan na yaro ne ɗan shekara bakwai mai cin tuwo, ya daɗe a ciki ya ruɓe, sannan ya tsiyayo a wando. Kafin ya yi sallama a zauren gidanmu na Gwammaja, warin ya riga shi shigowa.

Nakan toshe hanci da ɗankwali in tsuguna bakin rariya ina dirza. Ga omo, ga ruwan zafi, amma in na zauna cin abinci sai in ji kamar abin yana ƙarƙashin farcena, in ture kwanon. Yayyensa suka daina hawa tabarma ɗaya da shi.

"Ba ka ji ya taho ba ne?" nakan tambaye shi.

"Wallahi Umma ban ji ba."

Surukata ta ce ɗankanoma ne, ta aiko da jiƙo daga Kabara. Mai kemis ya ce gudawa ce, ya ba mu maganin tsayar da ita, abin ya ƙaru. Babansa kuwa cewa ya yi ƙazanta ce kawai, bulala za ta gyara. Na ce a bari mu je asibiti tukuna.

Likitar ta kwantar da shi ta daddanna cikinsa, sannan ta kama hannuna ta ɗora ƙasan cibiyarsa ta hagu. Na ji abu mai tauri kamar an jera goruba.

"Bayan gida ne, Hajiya," in ji ta. "Ya bushe ya toshe hanya, hanjin ya buɗe har ya daina jin matsuwa. Mai ruwan ne ke zagayowa ta gefe yana zuba. Ba da gangan yake yi ba." Ta juya gare shi. "Me ya sa kake riƙewa?"

Ya sunkuyar da kai ya ce banɗakin makaranta.

Washegari na je na gani da idona. Ba ƙofa, ba ruwa, ba inda za ka sa ƙafa. Tsutsotsi na motsi a bakin ramin, korayen ƙudaje suka taso min a fuska. Na yi amai a jikin katanga. Da na yi wa hedimasta magana, ya ce, "Ai haka yara suke ɓatawa." Wannan amsar ta fi banɗakin tayar min da zuciya.

Kwanakin farko na maganin wanke ciki su ne mafi muni, har zanin gado na ƙona. Daga nan aka koma na sa bayan gida laushi kullum, wata da watanni. Bayan kowane cin abinci ya zauna a fo, ko ya ji ko bai ji ba. Na rage biredi da biskit, na ƙara ruwa, gwanda, wake da kwaɗon zogale. Abin yakan tafi ya dawo, sai wajen dogon hutu ya ɗauke gaba ɗaya.

Bai koma waccan makarantar ba. A sabuwar makarantar, shugabar ta nufi ɗakin kwamfuta za ta nuna min. Na ce, "Malama, fara kai ni banɗaki."