Dutsen da Ya Amsa Laifi

Abin alfaharin garin ɗaya ne tak, wani dutse a bayan gari wanda in ka yi masa magana sai ya maimaita. Motoci kan kawo baƙi su yi ta ƙwala masa kira, su sha shayi, su sayi tabarmi da zuma, su tafi. Abin da ba su sani ba shi ne, tun shekarar da masu fasa dutse suka gutsure masa gefe ya yi gum. Wani tsohon tela da ake ce wa Baba Amsa ne ke shiga tsaguwar bayansa da buta da ɗan kujera, yana yi wa dutsen aikinsa.

Ya kuwa iya. Muryar mata, ta yara, har kukan jaki ya taɓa mayarwa. Ranar da mura ta kama shi dutsen ya yi atishawa, mai shayi ya rantse wa baƙi cewa duwatsu ma suna jin sanyi.

Sai dai bakin nan mai maimaita maganar kowa bai taɓa furta cewa ya yi laifi ba. Taurin kansa abin haushi ne. Ya bar ƙofa a buɗe akuya ta cinye barkonon da matarsa ta sha wahalar renonsa, ya ce iska ce. Aka ce ranar ko ganye bai motsa ba, ya ce to akuyar ce ta koyi zare sakata. Matar ta tattara kayanta ta koma gidan yayanta, shi kuma ya rame da kewarta, yana cewa zafi ne.

Ranar kasuwa, baƙi sun cika gaban dutsen, sai ga matar ta ratso su. Ta gyara ɗankwali, ta ɗaga murya.

"Na yi laifi, ni na bar ƙofa a buɗe!"

Dutse ya yi shiru. Baba Amsa na ciki gumi na karyo masa. In ya ƙi amsawa asirin gari ya tonu, mai shayi da masu tabarmi da mai zuma sun rasa abinci. Wani baƙo ya tambaya ko dutsen ya lalace ne.

Can dai, ƙasa-ƙasa kamar mai ciwon haƙori, dutsen ya ce ya yi laifi, shi ya bar ƙofa a buɗe. Ta ce ba ta ji ba, ta sake, shi ma dole ya sake da ƙarfi. Baƙi suka yi ta tafa hannu.

Ta juya za ta tafi ke nan, dutsen ya ƙara abin da ba wanda ya faɗa masa.

"Don Allah ki dawo gida."

Mai shayi ya yi wuf ya ce wa baƙi wani tsohon kira ne na bara da ya maƙale, sai yau ya fito. Ita kuwa ta ɗan tsaya, ta goge ido da bakin mayafi, ta ce wa mai shayi ya gaya wa dutsen ya tanadi irin barkono kafin yamma.